A Bar wa Inna Hure Gayaunarta

Kullum kafin rana ta yi zafi, Inna Hure takan fito da sandarta da 'yar buta, ta bi ta bayan masallaci zuwa gayaunarta, ɗan filin da mijinta ya rasu ya bar mata. Ido ya yi rauni, baya ya ranƙwafa, amma sai ta tsuguna ta cire ciyawa da hannu. Da la'asar yaran unguwa su cika mata tsakar gida tana gyara musu alwala: "Kai, gwiwar hannun fa? Ka bar ta a gida ne?" Ba wanda ya taɓa kiranta malama. Ni Furera, ban yi boko ba, ban sauke ba, amma ɗan abin da na sani na Ubangijina a wurinta na samo.

Shekarun farin nan da rijiyoyin yankin Tsanyawa suka ƙafe, muna ƙanana. Mun ci dusa, mun ci tafasa ba gishiri. Gidaje da yawa sun daka irin shukarsu sun dama kunu. Hure ta zuba nata a tulu, ta liƙe bakin da laka, ta zauna da yunwarta.

Ranar da aka fita roƙon ruwa aka dawo sama fes, na ce mata, "Inna, Allah bai ji mu ba." Da wata ce da na sha mari. Ita cewa ta yi, "Gobe ki zo da ƙannenki da yaran unguwa."

Binne ta kai mu, shuka a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. Ta fasa bakin tulun, ta rarraba mana gero a tafin hannu, cikinmu na kuka. "Kowane rami a yi Bismillahi, a rufe da diddige."

Na ce, "In bai sauko ba fa?"

Ta ce, "Mun dai yi namu. Rufe ramin."

Aka yi ɗan yayyafi, geron ya tsiro, rana ta ƙone shi. Na ga ta yi kuka a bakin gonar, ba ta ɓoye mana ba. Ta share ido, ta yi taimama ta yi sallah, washegari ta fito da ragowar irin. Na biyun ne ya kama. Tun daga lokacin na fara sallah ba don tsoron bulala ba. Da na girma na rasa 'ya'yana biyu a damina ɗaya, wannan sallar ta bakin gona ce ta riƙe min hankali.

Inna, ke ce kika nuna mana ana kuka ana sujada. Uwar marasa galihu, ke ce kika raba wa maƙwabta iri a shekarar da ta biyo baya, ba ki tambayi kowa ranar biya ba.

To yanzu ku ji abin kunya. Sama'ilu, shugaban kwamitin masallaci, wanda yake cikin yaran da suka yi binnen nan, shi ne ya kafa turaku a gayaunarta, wai za a faɗaɗa haraba. Ya ce mata, "Inna, aikin Allah ne." Ta ce, "To ɗana, a bari in cire gerona tukuna." Ita ba za ta yi musu ba. Ni zan yi. A wannan tsadar, daga ina tsohuwa za ta ci? Ga filayen masu hali ta gabas, ba wanda ya doshi wajen da turke.

Mun gode, Inna. Allah Ya saka miki da Aljanna, Ya ba matanmu irin zuciyarki wajen rainon yara. Amma godiyar baki ba ta cika rumbu. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ina bakin gonar. Duk wanda ya koyi Fatiha a tsakar gidanta ya zo ya tsaya kusa da ni. Sama'ilu, kai ma ka zo, ka tuge turakunka da hannunka.