Yaron da ban taɓa kiran sunansa ba

Shekara biyar ke nan da rasuwar ɗana na fari. Masu karatu ku yi mini uzuri in kun ga zancen ya karkace. Da furfura a kaina na shiga ajin yaƙi da jahilci a nan Daura, har yau kuma hannuna ya fi sabawa da muciya a kan alƙalami.

Ban taɓa kiran sunansa ba. Haka muka taso muka tarar, uwa ba ta ambaton ɗan fari, ba ta yabonsa a gaban mutane. “Yaron nan” nake cewa, da ƙannensa suka zo sai na koma “Yayanku”. Yakan tsokane ni ya ce, “Inna, ko mantawa kika yi in tuna miki?” Sai in ce ya tashi ya ba ni wuri.

Da ya gama karatu ya sami aiki da wani kamfanin ƙasar waje ta hannun ’yan kwangila. Ba ya zuwa ofis. A ɗakinsa na ƙofar gida yake zama da kwamfuta, yana duba abin da mutane ke rubutawa da Hausa a intanet. In ya ga zagi, ko hoton banza, ko kiran fitina, sai ya goge. Mahaifinsa, Malam, ya yi murna ƙwarai. A kan keken ɗinkinsa yake gaya wa abokai cewa ɗansa aikin hisba yake yi a cikin waya.

Abin da ba mu sani ba, aikin da agogon wata ƙasa yake tafiya. Awa goma sha biyu a zaune, kwana shida a mako, in ya miƙe na’ura tana ƙirga masa. Ranar Juma’a yana jin huɗuba ta lasifika, idonsa na kan allo, sai an kusa tayar da salla ya fita a guje ya sami sahun baya cikin rana. Da azumi nakan kai masa kunu da zafinsa, in dawo in tarar ya yi sanyi ba a taɓa ba. Idanunsa suka yi ja. Kofi ma in ya riƙe sai ka ga hannun yana rawa. Ni kuwa haƙuri na iya bayarwa, shi na yi ta ba shi.

Shi da abokan aikinsa na wasu garuruwa suka buɗe shafi, suka rubuta kokensu. Ina tankaɗe a tsakar gida ya zo ya tsuguna ya karanta mini, don a lokacin ban iya karatu ba. Ya ce, “Inna, ya yi zafi?” Na ce ni dai ban ji zagi a ciki ba. Mutane suka yi ta yaɗawa. Ba a jima ba shafin ya ɓace. Suka buɗe wani, shi ma ya bi sahu. Daga baya ko kalmar da suka zaɓa ta zama tutarsu mutum ya rubuta, saƙon ba ya fita. Aka sanar da su cewa kowa yana iya kai kukansa ga kamfani, amma shi kaɗai. Wanda ya kira wani su haɗa murya ya karya doka.

Abin da ya fi yi masa ciwo, a layin aikinsa rubutun nasa ya faɗo, cikin zage-zagen da aka turo masa ya share. Ya ƙi taɓawa. Wani abokin aikinsa mai mata da ’ya’ya ya danna ya goge. Bai riƙe shi a zuci ba. Ya shigo gida yana murmushin da bai kai ido ba, ya ce, “Inna, yau wanzami ya ji jarfa.”

Mu a nan, duk maigida yana da zaure. In yaronka ya sami matsala da ubangidansa, manya ne ke zuwa su zauna, a gaisa, a ba da haƙuri, a nemi sassauci. Malam da yayansa Baba Sani suka sayi goro, suka sa manyan riguna, suka shiga motar Kano neman ofishin. Yaron nan ya roƙe su kada su wahalar da kansu, Baba Sani ya ce yaro bai san abin da girma ke sayowa ba. Suka tarar da ɗaki ɗaya a saman bene, a kulle, da mai gadi wanda ya ce shi ma bai taɓa ganin masu wurin ba. Da suka dawo, Baba Sani ya nemi shawarar wani alƙali makwabcinsa. Alƙalin ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya tambaya, “To, Sani, wa za a kai wa sammaci?”

Goron nan bai lalace ba, na yi ta yayyafa masa ruwa. Shi aka raba ranar sadakar uku.

Da safe ne, a makon da aka mayar da shi aikin dare, ya tashi daga aiki ya hau babur zai je sunan ɗan abokinsa a Mashi. Waɗanda suka gani sun ce ba wanda ya buge shi, a hankali babur ɗin ya bar titi kamar mai shi ya yi gyangyaɗi. Ajali ne, ban yi jayayya da ikon Allah ba. Amma ni na san idanun da ya fita da su.

Bayan arba’in na shiga ajin manya, ba don komai ba sai don in karanta abin da ya rubuta da idona. Da na iya haɗa baƙi, na sa autata Hafsatu ta nemo mini. Ta duba, ta sake dubawa. Babu koken, babu shafinsa, ko sunansa babu. An ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Ashe a zamanin nan ana mayar da ita, har a gyara jinkar kamar ba a taɓa zara ba.

Yau da zai leƙo, ban san me zai ce ba. Hafsatun da yake goyo a kafaɗa ta sami aiki irin nasa. Ta ce yanzu na’ura ce ke gogewa, su koya wa na’urar kawai za su riƙa yi. Idon Malam ya yi rauni, zare ma sai an zura masa a allura, ba ni da bakin hana ta. Albarkata take jira, ni kuwa in ɗauki tsintsiya in ajiye, in shiga ɗaki in fito ban san abin da na je ɗauka ba. Na tambaye ta ko maigidan nasu yana da zaure. Ta yi dariya, da ta dubi fuskata sai ta daina.

Na zaunar da ita na karanta mata koken Yayanta da ka, don kunnen da ya ji a bakin tankaɗe ba mai iya shiga ya goge. Ga abin da ya ce: “Mu mutane ne, muna da salla, muna da iyaye. Ku ba mu Juma’armu, ku bar mu mu sha ruwa tare da gidanmu, ku rage mana awoyi mu yi barci. Ba faɗa muka zo yi ba.” Na ce mata ta tafi, Allah ya yi albarka, amma ranar da ta ji hannunta ya fara rawa ta rufe kwamfutar ta shigo gida. Tuwo ba zai gagare mu ba.

Iyakar abin da ya rage nasa ke nan, shi ya sa na kawo shi jarida. Takarda ko ƙosai aka ƙunsa a ciki, wani zai buɗe ya karanta. Masu kamfanin sun share sunansa don tsoro, ni na ɓoye shi don kunya, har muka taru muka bar yaro ba mai ambatonsa. Matan unguwarmu su yafe mini, yau kunyar ta ƙare.

Sunansa Auwalu. Ɗana ne, kuma yaron kirki ne. Allah ya jiƙanka, Auwalu.