Katin da Yaya Ta Juya

Yayarmu malamar tarihi ce a jami'a, amma ba tarihin yaƙe-yaƙe ba. Ita damuwarta abin da matan da suka rayu shekara ɗari baya suka yi tunani a kan 'yancinsu. A gida Uwar Kati muke ce mata, don komai a ɗan kati take rubutawa, ta jera cikin kwalayen takalma. Mijinta, bawan Allah, a kan kujera yake ajiye kayan sawarsa, kati ya cinye durowa.

Dokarta ɗaya ce: maganar mai magana a fuskar kati mai layi, ra'ayinka a baya. Ɗalibin da ya gwama su ya shiga uku.

Shekara goma sha tara ta yi tana bin sawun wata malamar ɗinki da ta riƙa aika wa jarida wasiƙu tun kafin a haifi kakarmu, tana neman a bar 'yan mata su yi karatu. Cikin maganganun matar akwai wadda Yaya ta fi so: "Macen da aka hana karatu ba jahila ba ce, fashi aka yi mata." Ta faɗe ta a aji, ta faɗe ta a taro, har daga cikinta ta ciro sunan littafinta. Da littafin nan kuma za ta nemi farfesa, ga ritaya saura shekara biyu.

Ni nake buga mata shi a kwamfuta a shagona. Da muka zo ƙarshe sai ta ce za ta koma ɗakin adana tsofaffin takardu ta gwada kowace magana da shafinta. Na ce ta ji tsoron Allah, mun gaji. Ta yi tafiyarta.

Kwana shida tana juya jaridu. A na bakwai ta shigo shagon da rana tsaka, ta zube kan benci. Maganar ba ta cikin wasiƙa ko ɗaya. Ta miƙo min katin da maganar take kai. Ashe tun Yaya tana ƙaramar malama ta juya shi bisa kuskure, ta rubuta nata tunanin a fuska. Maganar tata ce.

Wallahi raina ya ɓaci. Na ce wa zai sani? Matar ta mutu, jaridar ta mutu, ɓeraye ma sun gama da rabinta. Ta kalle ni kamar na zagi mahaifiyarmu. Ta janye littafin daga maɗaba'ar da ke jiransa, ta sauya masa suna, ta rubuta a shafin farko cewa kuskuren nata ne, duk wanda ya ɗauki maganar daga bakinta ya gyara. Gyaran ya ci fiye da shekara, lokacin neman ƙarin girma ya wuce ta, tana Dakta ta yi ritaya.

Na ɗauka rashin kujerar ne ke cin ta. Rannan ina yi mata kitso na ce ta yi haƙuri, farfesa ai suna ne kawai. Ta ɗan yi dariya, ta ce ba shi ba ne.

"Duk shekarun nan ina ganin akwai wadda ta riga ni jin abin da nake ji. Ranar da aka raina ni a wurin aiki, ita nake tunawa in samu sauƙi. Ashe ni kaɗai nake ta magana."

Tausayinta ya kama ni. Na ci gaba da kitson a hankali.