Ranar da teku ta same mu a wurin fakin

Ina buɗe ƙofar mota sai na hango takalmina yana iyo, ya kama hanyar tsakiyar teku.

Kafilina ne, wato maigidan da nake wa aiki, wani dattijo a unguwar Suwaidi, ya sayi irin motar nan mai gado da kicin a ciki, ya ce in tuƙa shi daga Riyad mu zaga garuruwan masunta. A wani ƙauye kusa da Katif na faka a kan busasshen yashi, muka ɗan kishingiɗa bayan azahar. Ni mutumin Damagaram, wa ya taɓa gaya min teku tana tafiya ta dawo?

Ruwa har ya shanye tayoyi. Na tashi dattijon daga barci, na san yau igamata, takardar zamana a ƙasar, ta ƙare.

"Baba, mushkila! Ruwa ya zagaye mu!"

Ya leƙa ta taga. Sai ga wani masunci a kwalekwale ya matso yana tambaya ko lafiya.

Baba ya ce, "Lafiya lau. Kana da jatan lande?"

Akwai kuwa. Ni aka sa na soya, ruwa na dukan ƙofa. Sai magariba ruwan ya janye, tarakta ta ja mu.

Har yau yana gaya wa baƙinsa ban taɓa fakin mai kyau kamar wannan ba. Jama'a, yabo ne ko zagi?