Takalmin da Ya Ɓullo Ƙarƙashin Shinkafa

Ko da zan tsufa in mance sunan maƙwabcina, ba zan mance cin abincin da na yi wata Laraba a Argungu ba. Har yau in aka ajiye mini shinkafa a faranti, sai na kai cokali na leƙa gindinsa kafin in yi bisimilla, matata tana yi mini dariya.

Lokacin ina sabon wakilin wani kamfanin takalma a Birnin Kebbi, aikin gwaji. Hajarmu dogon takalmin roba ne na shiga fadama. Manajana, wani mutum da ba ya dariya ko a waya, ya faɗa mini ƙiri-ƙiri: in Argungu ba ta karɓi kayan ba kafin damina, za a rufe kujerar Kebbi. Ni kuwa ga sabon aure, ga ɗakin haya a Badariya, ba ni da wata madafa.

Kamfani ya ce ya shirya garaɓasa: duk wanda ya sayi takalmi a shago, a ba shi babban faranti kyauta. Kwalayen farantan ba su biyo ta hannuna ba, kai tsaye mota ta sauke su a shagon dilanmu na Argungu, wani Alhaji mai son fita kunya. Shi ya yi dabarar gayyato shugaban manoman shinkafa na yankin, dattijon da in ya ce a saya an saya, in ya yi shiru kuma kayanka sun kwana. Don a burge baƙi, Alhaji ya aika da kwali guda cikin gida, ya ce a zubo abinci a sabon farantin kamfani.

Bayan azahar muka zauna a zaure, ni da Alhaji da dattijon da manoma biyu da suka rako shi. Aka kawo dafa-duka tuli guda, da manyan yankan kifi a sama. Dattijon ya riga ya gwada takalmin, ya lanƙwasa shi, ya ce ba laifi. Zuciyata fari tas, har na fara lissafin labarin da zan kai gida.

Muna cikin ci, na ɗebo loma, sai na ga wani baƙin zane a inda hannuna ya tashi. Na ɗauka ƙanzo ne. Na ƙara ɗiba, sai ga tsage-tsage irin na ƙasan takalmi. Ashe hoton takalmin suka buga a tsakiyar farantin, ƙato, ya ɗaga dunduniya, tafinsa na kallon mai ci.

Wanda bai san mu ba zai ce mene ne a ciki. Mu kuwa da ko takalmi muka gani a kife sai mun birkice shi, mu da ba a tsallake kwanon abinci, yau ga mu muna cin shinkafa a bisa tafin takalmi, tare da mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana noma ta.

Na shiga turo shinkafa ina rufe wurin a hankali, kamar mai gyara wa manya gaba. Na janyo kan kifi na ɗora. Na daina ci ɗungum, ina tauna iska. Alhaji kuwa, Allah ya ba shi lafiya, sai cewa yake: “Ku ci mana, ku ci. Wakili, mi ya hana ka? Ko kihinmu bai kai na Birni ba?” Ina murmushin yaƙe, ina addu'ar Allah ya ƙosar da su. Ina, manoma ne, sun kuma wuni a gona.

Ta gaban dattijon asirin ya tonu. Ya shafo sauran shinkafar gefensa, sai ga bakin takalmi ya leƙo. Ya tsaya. Ya sa yatsa ya ture kan kifin da na ɗora, ya duba da kyau. Ɗaya daga cikin manoman ya janye hannu yana salati ƙasa-ƙasa. Alhaji ya leƙo, fuskarsa ta koma kamar an watsa mata toka.

Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya ce a kawo masa kwano. Da hannunsa ya kwashe sauran shinkafar, ƙwaya-ƙwaya, ya mayar cikin kwanon, ya ce: “Abinci ba shi da laihi. Ku ci.” Muka ci.

Da ya wanke hannu ya dube ni. “Ɗana, kai ɗan ina ne?”

Na ce, “Birnin Kebbi, Baba.”

“Innarka tana zuba maka tuwo cikin wanga?”

Na sunkuyar da kai na ce a'a, na kuma rantse masa ban taɓa ganin farantin ba sai yau.

Ya ce, “Na yarda. Waɗanda sunka buga shi ba su san mu ba. Kai ka san mu, kai ka gaya musu. In kyauta suka son yi, su ba ƙahwa abinta, ko safa ce. Shinkahwa ba a taka ta.” Ya miƙe, ya sa tsohon silifas ɗinsa, ya bar sabon takalmin a jingine. Maganar ciniki ko uffan.

A hanyar komawa Birni na tsaya gindin wata bishiya na kira manaja. Ya ce an kashe kuɗi a kan farantan, ko'ina ana rububinsu, me ya sa sai Kebbi? Na ce masa, “Oga, ko ka kore ni, faranti ɗaya ba zai sake fita daga kwali ba a garin nan.” Ban san inda na samo wannan ƙarfin hali ba, wataƙila wanda ya riga ya jiƙe ba ya tsoron yayyafi. Ya kashe waya.

Kwanakin da suka biyo baya, ko kiran kuskure aka yi mini sai in ɗauka manaja ne zai sallame ni. Na kwashe kwalayen daga shagon Alhaji, na sayi safa da aljihuna na kai masa, shi kuwa gaisuwata ma da ƙyar yake amsawa. Sai ranar kasuwa da hantsi ya kira ni, muryarsa ta dawo: “Wakili, kana ina? Tsoho ya zo da mutanensa, ya ga safa, ya yi dariya. Ƙaro muna kaya.” Nan take na shiga neman motar da za ta kai masa kaya.

Aikin ya zauna, daga baya kamfani ma ya koma ba da safa a yankinmu. Abin da na koya shi ne, kyauta ba a auna ta da idon mai bayarwa, sai an tambayi inda za ta zauna a gidan mai karɓa. Faranti guda na ajiye. Yana nan bakin ƙofarmu, a kansa muke tuɓe takalma in an yi ruwa.