Kwaɗo Biyu a Ƙofar Kantinmu

Kantin kofaretif ɗinmu na Gada Biyu a Jos ba wani abin a zo a gani ba ne. Ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano, kullum yana warin sabulu da kananzir. Iyayenmu suka kafa shi lokacin da aikin kuza ya mutu, madara da sukari suka zama sai wane da wane. Teloli da direbobi da kafintoci suka haɗa hannu, a sayo kaya a sari, a sayar wa 'yan ƙungiya da rangwame. A nan mahaifiyata ta yi ta auno shinkafar da muka girma da ita.

Kwaɗo biyu ne a ƙofar. Makulli ɗaya yana hannun Baba, mahaifina, wanda tela ne, a madadin Musulmin ƙungiya. Ɗayan yana hannun wani kafinta Ibo da muke kira Papa, a madadin Kiristoci. Doka ce tun farko: ba a aiko makulli, mai shi ne zai zo da ƙafarsa, kuma ba a buɗewa sai su biyu suna tsaye. Don gudun zargi aka kafa ta, amma daga baya ta zama hanyar gaisawarsu. Kowace safiya sai sun yi faɗa. Papa ya ce Malam ya makara, Baba ya ce agogon Oga ne ke gudu kamar mai shi. Ni kuwa har haushi nake ji idan an aike ni sayen gishiri, in tsaya ina jiran tsofaffi biyu su gama tsokanar juna.

Sai rikici ya zo. Ba zan ba da labarinsa ba, duk ɗan Jos ya san nasa. Mu dai muka tashi daga unguwar da abin da hannu ya iya ɗauka, muka koma cikin 'yan'uwa a can cikin gari. Ikon Allah, wuta ba ta taɓa kantin ba.

Da ƙura ta ɗan lafa, Papa ya aiko direba cewa Baba ya zo a buɗe, mutane na bukatar abinci. Yayyena maza suka ce wallahi ba inda za shi. Suka ce ya ba direban makullin mana. Baba ya ce shi bai taɓa jin an aika makulli ba. Can ma, ashe, matasa sun matsa wa Papa a fasa kwaɗon Baba, ya ce sai dai su fara fasa kansa. Kai, taurin kan mutanen nan biyu! Ga shinkafa a ciki tana lalacewa, ga yunwa a waje. Na yi fushi da su duka a lokacin, yanzu kuwa tausayinsu ne ke cina.

Daga nan hawan jini ya kwantar da Baba. Damina ta wuce, wata ta biyo. Ko a kwance maganarsa ɗaya ce, Oga yana jiransa.

Ranar da ya iya miƙewa, ni na raka shi, don yayyen nawa har lokacin tsoro suke ji. Muka sauka daga keke, na riƙe masa hannu. Kwaɗon Baba yana nan, ya yi tsatsa. Na Papa kuwa a buɗe yake, yana rataye.

Wata mai tuyar ƙosai da ta san mu tun muna yara ta taso ta durƙusa ta gai da Baba. Ita ta gaya mana. Kullum da safe Papa yakan zo ya buɗe nasa, ya zauna a kan benci har rana ta yi, sannan ya kulle ya tafi. Da ciwo ya ci ƙarfinsa, 'ya'yansa suka zo za su mayar da shi garinsu. Ya sa aka biyo da shi ta nan, ya buɗe, ya bar shi haka, wai don kada Malam ya zo ya tarar an hana shi shiga. A can ya rasu.

Baba ya daɗe tsaye da makullin a hannu. Na ce, "Baba, ka buɗe mana, ai don kai ya bar shi."

Ya girgiza kai. "Mutum ɗaya ba ya buɗewa," ya ce.

Ya mayar da makullin aljihu, ya ce in nemo mana keke.