Famfon Yaya Lawal, Shekara Tara Bayansa

Shekara tara ke nan da Allah Ya yi wa yayana, Malam Lawal mai gyaran famfo, rasuwa a Ƙanƙara. Bai bar gonaki ba, bai bar gidajen haya ba. Abin da ya bari wanda kowa ya sani shi ne famfo guda a jikin katangar gidansa ta waje, wanda ya jawo daga tankin burtsatsensa don jama'ar unguwa su ɗiba kyauta. Da ciwo ya ci ƙarfinsa, a gabana ya ce wa matarsa Hajiya Rabi: "Kome za a yi, kada famfon waje ya tsaya." Wasiyyar ke nan, ba ƙari.

Wanda bai zauna yankinmu ba zai ce ai wannan ba wani aiki ba ne. To, ruwan wasu burtsatsenmu mai nauyi ne. Ka zuba sabulu ya ƙi kumfa, ka dafa shayi a buta wata biyu ka leƙa ka ga farin ɓawo ya manne a gindinta. Ɓawon nan shi ke taruwa cikin bututu a hankali, hanya na tsukewa, har ruwan da ke zuba da ƙarfi ya koma tsiyaya. Yaya ya tsani abin nan kamar me. Kowace shekara kafin azumi sai ya kwance kawunan famfo duka, ya jiƙa su cikin ruwan tsamiya mai kauri, washegari ya bi su da tsohon buroshi. Kuma ko za ka yi fushi, ba ya binne bututu cikin bango. A fili yake jera shi. Masu sabon gini daga Faskari har Sabuwa sun sha yi masa ƙorafi wai yana ɓata musu kwalliya, shi ko sai ya ce ranar da ya toshe za su gode masa. Mutum ne mai taurin kai, Allah Ya jiƙansa, amma ban taɓa jin wanda ya fasa bango saboda aikinsa ba.

Bayan rasuwarsa Hajiya Rabi ta ɗauki aikin. Ba ta yarda kowa ya taɓa mata. Ita ke sayen tsamiyar, ita ke jiƙawa, ita ke gogewa, ga ciwon gaɓoɓi ya kama mata yatsu. Na sha tsokanarta cewa gwamnati ta ba ta muƙami a hukumar ruwa, sai ta ce in tafi in ba ta wuri. Ni dai na san ba famfo kaɗai take wankewa ba. Hidimar mijinta ce da ta rage mata, kuma ba ta son ta ƙare.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga Ƙanƙara ta yau. A zamaninsa maƙwabta ne ke zuwa da bokiti. Yanzu rashin tsaro ya koro mutane daga ƙauyuka, mata da yara sun cika kangaye da ɗakunan 'yan uwa, kuma da yawansu famfon nan ne ruwansu. Na tabbata zai yi baƙin ciki ƙwarai, sannan ya tashi ya ƙara kan famfo na biyu.

Bara abin ya zo da matsala. Tsamiya na wanke kan famfo, amma ba ta kai wa cikin bututu, kuma can ɓawon ya yi shekaru yana taruwa. Cika jarka ɗaya sai ya cinye lokacin dafa tuwo. Autan Yaya, Kabiru, wanda ya gaji sana'ar, ya zo da wata na'ura da ake ɗaurawa a bututun da ya fito daga tanki. Ya yi mana bayani cewa ba tace ruwan take ba, tana dai hana abin da ke cikinsa mannewa a jikin bututu. Amma ya ce tsoffin bututun ƙarfen sun riga sun cushe, sai an cire su an sa na roba, in ba haka ba na'urar ba za ta yi amfani ba.

Hajiya Rabi ta ce atafau. Bututun da Malam ya ɗaura da hannunsa ba mai cire su tana raye. Kabiru ya zo ya same ni ya ce, "Baba, ka yi wa Inna magana, ni ta ƙi saurare na." Na je, na yi iya yina, ta ce ta ji, kuma ba ta canza ba. Gaskiya na ji haushi, amma na kasa ganin laifinta.

Ba mu muka shawo kanta ba. Wata rana da hantsi ta leƙa ƙofar gida ta tarar da layin jarkoki ya kai har kwanar titi, rana ta fara zafi, wata mata mai goyo ta ɗauki jarkarta ba ko ɗigo ta juya ta tafi. Hajiya Rabi ta koma ciki. Da azahar ta aika aka kira Kabiru. Ina wurin. Ta ce, "Babanku ruwa ya bar wa mutane, ba ƙarfe ba. Je ka cire." Tana faɗa tana share hawaye da gefen mayafi, ni ma na sunkuyar da kai.

Aikin bai ɗauki lokaci ba, tunda komai a fili yake. Da Yaya na nan, na san sai ya juya na'urar nan gaba da baya, ya kushe ta, ya yi wa Kabiru tambayoyi har ya gaji, sannan ya ɗaura ta da kansa. Bai taɓa ƙin sabon abu ba in dai ruwa zai gudu.

Yau babu ko guntun bututu ɗaya da hannunsa ya taɓa a gidan nan. Matarsa ce ta ba da izinin a cire na ƙarshe, kuma ita ta fi kowa jin zafin hakan. Amma ruwa na zuba da ƙarfi tun safe har magariba, kuma matan da ba su taɓa ganin fuskarsa ba sukan sauke jarka su tambayi sunan mai gidan don su sa shi a addu'a. Allah Ya jiƙan Yaya Lawal, Ya shayar da shi kamar yadda ya shayar da mutane.