Matattun Batura a Bayan Buro

Ina shekara ta uku a ƙaramar masana'antar haɗa rediyo da fitilun sola ta Konni, darakta ya kira ni buro, wato ofishinsa. Ya ce masu kamfanin sun yanke shawara: duk batirin da ya mutu a cikin kayanmu mu za mu bi shi mu dawo da shi, kada ya ƙare a juji. Ni ya zaɓa, in ji shi, don ba na iya zama wuri ɗaya.

Aka ba ni babur da buhuna. Ranar kasuwar Dogarawa ina can, ta Tsarnawa ina can. Nakan shimfiɗa buhu kusa da masu nono, in yi ta bayani har maƙogwarona ya bushe. Da fari dariya ake yi mini. Wata tsohuwa ta ce, "Ɗana, mi za ka yi da gawa?" Na ce zan kai ta inda ba za ta shiga ruwan sha ba. Mako na gaba ta zo mini da guda huɗu ƙulle a bakin zane.

A wani ƙauye gaba da Illela na tsaya neman ruwa a lakwal, makarantar boko. Na iske malamin tsugune a inuwa, yana fasa batura da dutse. Baƙin garin da ke ciki yake kwaɓawa da ganye yana shafe allon aji, don alli ya fito. Hannuwansa baƙi ƙirin har gwiwa.

Na ce, "Malam, wanga abu dafi ne."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Na sani. To da mi zan baƙanta allon? Ka kawo mini fenti, in ba ka pil ɗin, baturan nan duka."

Ban iya jiran wata kasuwar ba. Na koma Konni, na tsaya a ƙofar darakta har ya gaji da ganina ya ba ni gwangwanin fenti. Washegari na kai shi ƙauyen. Malamin ya cika mini rabin buhu, ya kuma yi wa sauran malaman yankin magana.

Daga nan kaya suka yi yawa. Muna zubawa a manyan tano, wato gangunan ƙarfe, a bayan buro, ana jiran motar da za ta kwashe su zuwa inda ake narkar da su. Tano ɗaya ya cika, biyu, har bakwai. Mota ba ta zo ba. Kullum na tambaya, darakta ya ce takardu ne ba su fito ba. Na daina cin abincin rana da abokan aiki, sai in zagaya baya in yi ta leƙa tanon. Dafin da ke warwatse a ƙauyuka ni na tattaro shi wuri ɗaya, taku kaɗan daga rijiyar maƙwabta.

Da hadarin farko ya haɗo, na ga gindin tano guda ya yi tsatsa, wani farin abu kamar kanwa yana tsatsowa. Na shiga buro ko sallama ban yi ba.

"Ranka shi daɗe, ko a yi musu daɓe da rumfa, ko in daina kawowa."

Ya tashi ya bi ni bayan buro. Ya duƙa, ya tona ƙasar da tsinke. Kwana biyu bayan haka aka sauke siminti daga Malbaza. Mu ma'aikata muka yi daɓen da hannunmu, muka kafa rumfar kwano, muka kankare gurɓatacciyar ƙasar muka zuba a wani tano.

Motar ba ta zo ba sai bayan an yanke gero. Na taya lodi, na bi ta da babur har fitar gari, ina kallon igiyoyin da aka ɗaure tanon da su. Direban ya leƙo ya ce in koma, ya san aikinsa. Na tsaya a gefen kwalta har ta ɓace, sannan na juya. Ranar kasuwa ce, kuma na riga na makara.